Ranar da Na Kira Sunan Habiba

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin karatun yayarku Habiba, kuma kullum iri ɗaya kuke bayarwa: wai Inna, kakarku, ita ce ta so ta raba ta da lekol, wato makarantar boko, ni kuma na tsaya tsayin daka na ƙwato ta. Labarin yana da daɗin ji, ni ma na daɗe ina ƙyale shi haka saboda yana yi mini ado. Amma yanzu gwiwoyina sun fara ba ni sanarwa, kuma ba na so in tafi in bar tsohuwar da ke kabari ɗauke da kayan da fiye da rabinsa nawa ne. Shi ya sa na zaunar da autarku da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, ina faɗa tana rubutawa. In ta ga dama ta gyara Hausar, amma kada ta taɓa maganar.

An kawo ni Kwatano daga Illela ina amarya, cikin gidan nan na Zongo da kuka sani, mai tsakar gidan da ruwa ke kwanciya a cikinta duk damina. Babanku yana fataucin albasa, rabin wata yana hanyar Malanville, rabi yana kasuwa, saboda haka gidan a hannun uwarsa Inna yake, ni kuma ina ƙarƙashinta. Habiba ce 'yar farina. Ku na yanzu da kuke rungume 'ya'yanku kuna ɗaukar hoto da waya, dole in yi muku bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Wannan kunya ita ce mutuncin mace, da ita ake gane 'yar gidan da aka yi tarbiyya. Tun da aka yaye Habiba ta koma ɗakin Inna. Idan ina son in aike ta sai in ce «ke», ina duƙe kan wanke-wanke, in jefa maganar ta bayan kafaɗa, ko in ce wa Inna a gaya wa yarinyar nan. Ina son ta kamar raina, amma ta wutsiyar ido nake son ta, kuma ina alfahari da hakan.

Tana da shekara biyar ta yi wani zazzaɓi mai zafin gaske, har muka fid da rai. Allah ya tashe ta, muka yi sadaka, muka ɗauka an gama. Sai dai yarinyar da ta tashi ba ita ce ta kwanta ba. A kira ta sau uku ba ta juyo ba. A aike ta gishiri ta dawo hannu banza ta tsaya. Muka ce kunnen ƙashi ne ya same ta, ciwon ya sangarta ta. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa wani sabon hali ne da ta ɗauko: ƙura wa mutane ido. Baƙo ya shigo, dattijo mai furfura, sai ta zo ta tsaya a gabansa tana kallon bakinsa kamar za ta ƙirga masa haƙora. Ba wanda ya kawo batun kurumta a ransa, domin tana magana sarai, kuma in kana gabanta tana ba ka amsa daidai.

Shekararta ta farko a lekol lafiya lau ta wuce. A shekara ta biyu ne wata rana ta mance allonta na lekol, na bi ta da shi. Na leƙa ta hudar bulon kilas, sai na hango ta a bencin gaba, ta tallabe haɓa, ta kafe malamin da ido ko ƙiftawa ba ta yi, duk inda ya juya ta bi shi. Wata maƙwabciyarmu da ta kawo ɗanta tana tsaye kusa da ni, ta yi 'yar dariya ta ce, 'yarki kam ido gare ta. Na dawo gida fuskata tana zafi. To, ku saurara da kyau, domin nan ne labarinku ya karkace. Inna ba ta ma gida ranar. Ni ce na jira Habiba ta dawo, na ja ta ɗaki, na zane ta da tsintsiya, sannan na dafa ƙeyarta na danna kanta ƙasa har haɓarta ta taɓa ƙirji. Na ce mata haka ake yi a gaban kowane babba, balle malami, kuma in na sake jin ta ɗaga kai a kilas sai na fasa mata baki. Ban sani ba ko ta ji maganar, amma hannun ta gane shi. Wannan ne karo na farko da na taɓa ta da gangan tun bayan yaye.

Habiba yarinya ce mai biyayya, kuma biyayyar ce ta kusa kashe ta. Ta sunkuyar da kai a gida, ta sunkuyar a lekol, ta koma bencin baya da kanta. Ni kuwa har daɗi nake ji, mata suna yaba natsuwarta. A ƙarshen shekara ta faɗi, aka ce ta maimaita kilas. Ta maimaita, takardar watanni ukun farko ta zo, ita ce ta ƙarshe. Babanku ba mugu ba ne, kun san shi, lissafi kawai ya yi irin na mai albasa: abin da ba ya tsiro ba a ci gaba da ba shi ruwa. Ya ce yarinyar ba ta da kan boko, in ta sake faɗuwa a jarrabawar ƙarshen shekara, wadda suke kira kompozisiyo, to ta ajiye kakin lekol ta zauna ta taya Inna dama fura. Ya faɗa sau ɗaya, kuma shi ba ya maimaita magana.

Tun daga ranar barci ya rage mini. Ni ban yi boko ba, takarda in ta shigo gidan nan sai na yi yawo da ita gidajen maƙwabta, kowa ya san sirrinmu kafin mu sani. Kuma ina ganin Habiba da la'asar a bayan randa tana zana harufa a ƙasa da tsinke, ina ganin yadda take ninke kakinta ta sa ƙarƙashin tabarma don ya miƙe. Yarinyar da ba ta son abu ba ta yi masa haka. Na rasa gane yadda za a so abu haka kuma a kasa shi. Na kai ta wurin malami aka yi mata rubutu ta sha, na sayo mata zuma, ba abin da ya canja.

Saura wata uku a yi kompozisiyo metires ɗinsu, wato malamarsu, ta aiko a kira uwar Habiba. Madam Selestin sunanta, wata doguwar mace baƙa, 'yar Placodji, daga gidan masunta. Na tafi na tabbata korar ce ta zo da wuri. Na same ta bayan an tashi, kilas ba kowa sai ita da Habiba a kan benci, kai a ƙasa. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, sai muka haɗa yaren Fon ɗina na kasuwa da Hausarta ta sayen albasa. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce in tsaya in kalla. Ta zagaya bayan Habiba ta kira ta, ta tambaye ta abin da ta ci da safe. Shiru. Ta ɗaga murya. Shiru. Sai ta dawo gabanta ta durƙusa, ta sa yatsa ta ɗago haɓarta, ta yi tambayar a hankali ƙasa-ƙasa, Habiba ta ce koko da ƙosai. Ta ɗauki kaye ta rufe bakinta ta sake wata tambayar, yarinyar ta yi zuru, idanunta suna neman bakin da aka ɓoye. Tana janye kayen amsa ta fito.

«Maman, yarinyarki ba ta ji,» in ji ta. «Da ido take ji. Wa ya ce mata ta rufe idon?»

Na zauna a kan bencin yara. Duk dattawan da ta ƙura wa ido suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya, da gishirin da ba ta sayo ba, da maganganun da na yi shekaru ina jefa mata ta bayan kafaɗa, waɗanda ashe ko ɗaya bai isa gare ta ba. Sai tafin hannuna na dama ya ɗauki zafi, kamar yanzu na ɗauke shi daga ƙeyarta.

Madam Selestin ta ce ƙanenta ma haka yake, a jirgin kamun kifi da fuska da hannu suke magana da shi, shi ya sa ta gane. Ta ba ni takarda muka je asibiti, likita ya tabbatar: kunnen hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Ita kuma Madam Selestin ta yi nata ƙoƙarin. Ta dawo da Habiba bencin gaba, ta gefen da kunnen dama zai fuskance ta. Ta daina magana tana rubutu a allo, sai ta gama ta juyo. Ta daina yawo tsakanin benci in tana karanta musu dikte, wato shifta, sai ta tsaya wuri ɗaya inda hasken taga ke faɗa mata a fuska. Ta sa yarinyar da ke kusa da ita ta riƙa nuna mata layin da ake karantawa. Amma bayan mako biyu ta tare ni a bakin ƙofar lekol ta ce duk wannan aikin banza ne. In ta ɗago haɓar yarinyar, tana sakewa kan ya koma ƙasa, kuma ba za ta iya koyar da yara cike da kilas hannunta ɗaya yana haɓar mutum ɗaya ba. Ta tambayi Habiba dalili, ta ce Umma, wato ni, ta hana. Ga shi kuma ranar kompozisiyo musayar malamai ake yi, wani mushe ne, wato malami namiji, daga wani kilas zai karanta dikte, ba mai ɗago mata kai.

«Ke kika ɗaure, ke za ki kwance,» in ji ta. «Ki zauna da ita kullum, fuska da fuska, ki yi mata magana. In ba haka ba har maganar da take yi za ta lalace.»

Ita a ganinta abu mai sauƙi ta ce. Ta yaya zan gaya wa 'yar Placodji cewa ta umarce ni in tuɓe zane a kasuwa? Na nemi hanyar zillewa ta ko'ina. Na gaya wa babanku, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce maganarsa tana nan, in ta ci ta ci gaba, washegari ya hau mota zuwa Malanville. Na gaya wa Inna, ta yi kuka sosai, domin Habiba 'yar ɗakinta ce, amma ta ce in haka ne ai gara ma ta zauna gida inda ba mai yi mata dariya, kuma kurumta ba ta ba yaro izinin tsare manya da ido ba. Na roƙi wata ƙanwar babanku da ke aure a Zogbo, ta zo sau biyu ta gaji. Kwanaki suna tafiya, ina ƙirga su da yatsa ina tuƙa tuwo. Ba wanda ya rage sai ni.

Sai na fara sata. Kullum bayan azahar Inna takan fita da ƙwaryar furarta zuwa bakin masallaci. Tana fita sai in yafito Habiba cikin ɗakina, in saki labule, in bar taga a buɗe saboda haske. Ranar farko mun zauna gwiwa da gwiwa, ita kanta a ƙasa, ni ma kaina a ƙasa, kamar masu zaman makoki. Da ƙyar na miƙa hannu na ɗago haɓarta, sai ta runtse ido ta ƙanƙame jiki tana jiran duka. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce mata, ke, buɗe idonki. Ba ta ji ba, ai idon a rufe yake. Sai da na shafa mata gira da babban yatsa. A ranar na fara ganin fuskar 'yata sosai, tana da shekara takwas. Ashe akwai ɗan tabo a gefen hancinta, ban san lokacin da ta same shi ba.

Muka ci gaba a haka. Ba ni da dikte da zan yi mata, sai in ba ta labarin Illela, in faɗi sunayen kayan miya, ita tana maimaitawa. Kunnena ɗaya yana kanta, ɗaya yana ƙofar gida. Ko kaza ta taɓa kwano sai in zabura in leƙa. Madam Selestin ta aiko cewa an fara samun haske, takan ɗaga kai na ɗan lokaci, amma da babba namiji ya shigo kilas sai ta mayar. Duk wannan zaman kuma ban taɓa kiran sunanta ba. «Ke» nake cewa. Na gaya wa kaina ido na ara don lalura, amma suna kam na riƙe abina.

Saura kwana tara ruwan sama ya koro Inna gida da wuri. Ƙarar ruwa a kan kwano ta hana ni jin takunta. Sai ganin labule na yi ya ɗaga, ga ni riƙe da fuskar 'yar farina da hannu biyu, muna dariya.

«Mi nike gani haka?» in ji Inna. «Ɗiyar fari? A gidana?»

Na ce lalura ce, Inna, metires ce ta ce. Ta ce metires ba ta san gidan da na fito ba, amma ita ta sani, kuma ta yi zaton an haife ni da kunya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun Habiba ta fita da ita, daga ranar kuma in za ta bakin masallaci da ita take tafiya. Ta daina cin tuwona, ta koma dafa nata a ɗan murhu. Kwana tara ina kallon kan yarinyar yana komawa ƙasa kaɗan-kaɗan, ba ni da ikon cewa komai. Kada ku ce mugunta ce. Inna ta yi imani har zuciyarta cewa tana kare mu ne mu biyu daga bakin Zongo, kuma abin da take karewa ni ma da shi na taso.

Ranar kompozisiyo gari ya waye da hadari. Na ji Inna tana shirya Habiba, tana gyara mata wuyan kaki, na kuma ga ta dafa mata kai ta sunkuyar da shi a hankali, irin na a yi ladabi. Suka fita, ɗan maƙwabta ya wuce da ita. Na tsaya a tsakar gida da ludayi a hannu. Ban nemi izinin kowa ba, na ja mayafi na bi su, ina tsallake kwatoci, 'yan zemijan masu babur suna watsa mini ruwa. A bakin ƙofar lekol matan Zongo sun taru, sun rako 'ya'yansu, har da maƙwabciyar nan mai cewa ido gare ta. Yara sun yi layi a fili. Na hango mushen da zai karanta musu, wani gajere mai gemu, yana kai da kawowa da takarda a hannu. Madam Selestin tana can wani kilas, ta hango ni ta buɗe hannuwa, alamar ta gaya masa, saura ya rage ga yarinyar. Ga Habiba a layi, haɓa a ƙirji, daidai yadda na koya mata.

Na san in na shiga filin nan, kafin azahar labarin ya gama Zongo, kafin wata ya kai Illela. Na shiga. Na ratsa layin yara na durƙusa a gabanta cikin jiƙaƙƙen yashi, na ɗago fuskarta da hannu biyu, na jira har idonta ya sauka a bakina. Na so in ce «ke», sai na ga ba zai isa ba. Wanda ya ɗaure da duka ba zai kwance da «ke» ba.

«Habiba,» na ce. «Habiba, ki kalli bakinsa. Kada ki sauke kai ko sau ɗaya. Ni na ce.»

Na ji matan bakin ƙofa sun ja salati. Habiba ba ta ji su ba. Bakina take kallo, sai ta ɗago yatsa ta taɓa leɓena, ta ce in sake. Na sake faɗa. Ta yi magana da muryar nan tata mai ɗan ƙarfi, wadda ba ta san iyakarta ba, har na bakin ƙofa suka ji.

«Umma, ashe kin san sunana?»

Aka buga ƙarfe, layi ya tafi da ita. Na ga ta shiga kilas kanta a sama, tana bin mai gemun nan da ido.

Ta ci, da ƙyar, tana cikin na ƙarshe-ƙarshen waɗanda suka wuce, amma babanku ya cika maganarsa. Sauran kun sani: abin ji na kunne da aka samo mata daga baya, da karatun da ta yi, da yaran da take koyarwa yau a Sainte-Rita da baki da hannu. Abin da ba ku sani ba shi ne kuɗin da na biya ba na aljihu ba ne. Shekaru ana nuna ni a gidan suna, ana cewa ga wadda ta kira 'yar fari a gaban maza. Uwata ta aiko daga Illela cewa na zubar mata da mutunci. Inna ta koma cin tuwona bayan azumi, amma ba ta sake zama hira da ni kamar da ba har ta rasu, kuma na yi kewar hirar nan ƙwarai. Sai dai ku rubuta wannan ma a gefenta: a shekarunta na ƙarshe, in za ta yi wa Habiba magana, sai in ga ta gyara zama ta juya fuskarta wajen haske. Ba ta taɓa cewa komai a kai ba, ni ma ban taɓa nuna na gani ba.

Kuna yi mini tsiya wai na fi kiran sunan Habiba fiye da na kowa a cikinku, ko tana kusa ko tana nesa, ko ba abin da zan ce mata. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Shekara takwas yarinyar nan ta yi a gidana tana zaton uwarta ba ta san sunanta ba, kuma har yau ban gama biyan ta ba.